Agogon Uban Auta

Kwalbar maganin ta suɓuce daga hannun matar Auta ta tarwatse a ƙasa, ni kuwa ina tallafe da kan Goggo ina ba ta ruwa da cokali. Gabana ya faɗi. Ba don maganin ba, likita ma ya ce ba abin da zai ƙara mata. Ɗanta Auta nake tsoro.

Auta na tsaye a bakin ƙofa da kayan gareji, baƙin mai har gwiwar hannu. Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga, da hankalina ya fi kwanciya.

"Ɗan wannan ma ba ki iya ba," ya ce wa matarsa. "Same ni a ɗaki."

Sai ya kai yatsu kan maɗaurin agogonsa.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu tun ina yarinya, kuma katangar ba ta iya riƙe sirri ba. Na san agogon nan, na ubansa ne. Marigayin mutum ne mai tattalin kaya: kafin ya daki Goggo sai ya kwance agogo ya ajiye a kan keken ɗinkinta, kada gilashin ya fashe. Auta yana ƙarami, da ya ga an kwance agogo sai ya ruga gidanmu ya shige ƙarƙashin gado ya toshe kunnuwa. Ni ke jawo shi ta ƙafa in share masa majina. Ya sha rantse mini in ya girma sai ya farfasa agogon da dutse. Ya girma, uban ya rasu, ya kai aka sa masa sabon maɗauri.

Matar ta durƙusa tana tsince fasassun kwalba, ga tsohon ciki. Watan jiya ta ce mini ƙofa ce ta buge ta a ido. Ƙofar gidan nan ta daɗe tana bugun mata.

"Auta, haba," na ce. "Ka dubi halin da ake ciki mana."

"Yaya, ba ruwanki."

Goggo, wadda tun safe ba ta ce uffan ba, ta buɗe ido.

"Auta. Matso."

Ya matso ya durƙusa a gefen gadon. Hannun nan nata da ya bushe kamar kara ya cafke wuyan hannunsa, daidai kan agogon.

"Inna, sake ni, yanzu zan dawo."

"Kana ƙarami na ce maka wasa muke yi da babanka." Numfashinta na yankewa. "Ƙarya na yi maka."

Ya ja hannu kaɗan, ta biyo shi har kafaɗarta ta ɗaga daga matashi. Ya tsaya cak. Fizga ɗaya zai yi ta faɗo ƙasa, duk mun sani.

"'Yata," Goggo ta ce wa surukarta, "tashi ki tafi wurin yayanki. Kada ki tsaya haɗa kaya. Ni na tsaya haɗa kaya, ga ni nan har yau."

"Inna, in bar ki a haka?" in ji surukar.

"Ina da mai jinya. Ga shi na riƙe."

Na kama yarinyar na yi waje da ita. Takalmi ma ƙafa ɗaya ta samu, na cire nawa na ba ta. A bakin titi motocin haya sai wucewa suke cike da mutane, ni kuwa ina ta waiwayen ƙofar gidan, kowane motsi in ce shi ne. Da ƙyar wata ta tsaya. Ban bar wurin ba sai da ta sha kwana.

Na koma ba takalmi, ina kauce wa kwalba. Auta na nan durƙushe inda na bar shi.

"Yaya," ya ce, da muryar da na daɗe ban ji ba, ta ƙarƙashin gadonmu. "Ta daina numfashi. Ta ƙi sakina."

Na duba. Yatsunta sun riga sun saki, ɗore kawai suke a kan hannunsa. Na rufe mata ido, na zauna a ƙasa. Bai janye hannun ba. A ƙarƙashin tafinta, agogon na ta bugawa.