Gam ɗin Mai Bango

Yaya Babba ta ciro tukunya ta huɗu daga kabad, ta kifa hanci a ciki, ta shaƙa kamar mai neman mushen ɓera.

"Wannan fa? Me aka dafa a cikinta?"

"Shinkafa, Yaya," in ji Malama. "Duk mai jan fenti a hannu ta ƙanenki ce. Ba abin da ke shiga cikinsu sai abin da likita ya yarda da shi."

"Haka dai kika ce."

Mai Agogo na tsaye a ƙofar kicin, hannu biyu a baya. Shi aka kira ya zama shaida, don ƙofarsa ce ke kallon tasu a hawa na uku, kuma kowa a benen ya san ba shi da abin yi. Tun da waya ta fara faɗa wa mutane lokaci, sana'arsa ta koma jiran tsofaffi biyu ko uku da har yanzu ke ɗaura agogo. Abin da yake ɓoyewa a baya kuwa burodi ne, da ɗuminsa, wanda ya sayo kafin a tare shi a matakala. Bai taɓa jin kansa ɓarawo kamar ranar ba.

Wanda ake wannan bincike dominsa yana ɗakin gaba. Mai Bango ake ce masa, don aikinsa ɗinke tsofaffin littattafai da yi musu sabon bango. Ƙanen Yaya Babba ne, mijin Malama, wadda ke koyar da lissafi a firamare. Shekara uku ke nan da likita ya ce yana da ciwon da ake kira siliyak: hanjinsa ba ya son alkama ko sha'ir, ko da ɗan burbushi ne. Aka ce in ya daina ci zai murmure. Ya daina. Malama ta raba gidan gida biyu, tukwane daban, cokula daban, har soso daban, ita ma ta bar cin burodi don kada ƙura ta tashi. Amma gudawa ba ta tsaya ba, kumburin ciki bai sauka ba, mutumin sai ƙarewa yake kamar sabulu a ruwa.

"Ciwo ba ya ƙarya," in ji Yaya Babba, tana goge hannu da gefen mayafi. "An ce in bai ci ba zai warke. Bai warke ba. To wa ke ba shi? Kai Mai Agogo, kai da kake nan kullum, me ka gani?"

"Ni, Yaya? Ni ko tabarau na sa sai na kusa nake gani."

Ba wanda ya yi dariya. Malama ta karɓi tukunyar da aka shaƙa, ta kai famfo, ta fara wanke ta daga farko.

Da la'asar Mai Agogo ya koma gidan, bayan ya ci burodin a tsaye, ya wanke hannu sau biyu, ya kakkaɓe gemu. Kullum wajen ƙarfe huɗu warin gam ke cika matakalar, wari mai ɗumi kamar na rigar da aka sa wa sitaci. Da shi yake gane maƙwabcinsa ya fara aiki. Da can takun ƙafarsa yake ji ta bango. Yanzu mutumin ya yi rashin nauyin da katakon ƙasa ya daina amsa masa, sai dai ka juya ka gan shi tsaye a bayanka.

Ɗakin aikin ƙarami ne. Tebur ɗaya, wuƙar yankan kwali, allurai a soke a jikin matashi, zare a rataye, sai ƙaramin risho a kusurwa da gwangwanin gari kusa da shi. Mai Bango na zaune a kujera, wuyan rigarsa ya yi masa faɗi har ana ganin ƙashi.

"Mutumina, zo ka juya min. Hannun nan ya fara yi min gardama."

Mai Agogo ya karɓi muciya. Ya sha juya wannan gam ɗin, ya fi sau arba'in a bana kaɗai. Gari, ruwa, wuta kaɗan, a juya har ya yi sheƙi.

"Ka ji abin da Yaya ta yi?"

"Na ji. Tun muna yara haka take. Ta taɓa dukan wani yaro don ya kalle ni." Ya miƙo hannu. "Kawo in gani."

Ya tsoma ɗan yatsa a gefen tukunyar, ya hura, ya kai bakinsa. Ya ɗan lumshe ido.

"Saura kaɗan."

Mai Agogo ya tsaya da juyi. Ya kalli yatsan, ya kalli gwangwanin. A jikinsa, da rubutun Mai Bango mai kyau irin na masu aikin littafi, an rubuta: FULAWA. Sau arba'in yana ganin wannan yatsan na tafiya baki. Shi da ke gane hakorin da ya karye a cikin agogon da bai kai ƙwandala ba.

"Kai," ya ce a hankali. "Wannan ai alkama ce."

"Juya, zai kama."

"Na ce alkama ce."

Mai Bango ya goge yatsan a gwiwa.

"Ba na haɗiyewa sosai," ya ce. "Wanda ya koya min aikin nan da harshe yake gane gam, ni ma haka na tashi. Na yi ƙoƙarin bari. Sai in ɗauki littafin mutum, in shafa abin da ban ɗanɗana ba, in ji kamar na sa hannu a takardar da ban karanta ba. Kafin in ankara yatsan ya riga ya je. Ko ɗanɗanon ma ban cika ji ba yanzu, harshen ya mutu."

"Shekara uku?"

"Shekara uku."

"Ana can ana shaƙar tukwanen matarka."

"Na sani." Ya ɗago ido, idanun sun yi girma a fuskar da ta rage. "Kada ka faɗa mata. Ka ga hannunta? Duk ya tsattsage da wanke-wanke. In ta ji duk wannan wahalar ni na zubar da ita da yatsa ɗaya, da wane ido zan kalle ta? Zan bari. Ka yi min alkawari."

Mai Agogo ya yi. Ya kasance mutum ne mai saurin alkawari, musamman in an kalle shi haka.

Ko ya bari ko bai bari ba, ba a samu damar ganewa ba. Kwana tara bayan nan ya kasa tashi, aka sauko da shi a kan kujera. Mai Agogo ya riƙe ƙafa ɗaya ta kujerar, ya shirya kugunsa don nauyi, sai ya ji kamar kujerar kaɗai ya ɗauka. A hawa na biyu sai da ya leƙa ya tabbatar akwai mutum a kai.

A asibiti wata likita ta yi musu bayani a tsaye, cikin baranda. Ta ce yawanci in ciwo ya ƙi lafawa, akwai inda alkama ke shiga ba a sani ba. Ta ce amma akwai 'yan kaɗan da hanjinsu ba ya warkewa ko da an kiyaye komai, kuma ana kan gwaji. Yaya Babba ta ji rabin farko, ta juya ta kalli Malama. Mai Agogo ya buɗe baki, ya tuna alkawari, ya yi tari.

Ran Laraba da hantsi Mai Bango ya rasu, ana tsakiyar canza masa ledar ruwa.

Aka yi abin da ake yi. Mutane suka zo, suka zauna, suka ce Allah ya jiƙansa, suka tafi. Yaya Babba ba ta ɗaga murya ba. Da za ta tafi dai ta tsaya a ƙofa ta ce, yadda duk benen zai ji, "Allah ya san abin da aka dafa." Daga ranar matan hawa na ɗaya suka rage tsawon gaisuwarsu.

Mai Agogo ya zauna da maganar a bakinsa kamar ƙaya. Ya auna ta ta nan, ya auna ta ta can. Mamaci ya ce kada a faɗa. Mai rai kuma ana nuna ta da baki. Kwana goma sha ɗaya yana wannan shari'a shi kaɗai, yana cin burodi, yana ƙara ƙiba.

A rana ta goma sha biyu, ƙarfe huɗu daidai, wari ya shigo ta ƙarƙashin ƙofarsa.

Ya ajiye sukurdireba. Ya ce wa kansa hanci ma na tsufa. Ya buɗe ƙofa, warin ya cika matakalar, mai ɗumi, sabo. Ƙofar maƙwabcin a buɗe take kaɗan, kuma daga ɗakin aiki ana jin muciya na bugun gefen tukunya, sau uku, a tsaya, sau uku, yadda mutumin ke yi. Ya yi sallama sau biyu, ya leƙa.

Malama ce a gaban risho.

"Shigo, Mai Agogo. Akwai littattafan mutane shida da bai gama ba. Shekara ashirin da shida ina kallonsa, na ce bari in gwada."

Ya zauna a bakin tebur.

"Malama, akwai maganar da na riƙe. Ya ce kada in faɗa, amma na gaji da ganin yadda ake kallonki. Ba tukwanenki ba ne. Gam ɗin nan ne. Ɗanɗanawa yake yi, kullum. Da idona na gani."

Ba ta daina juyi ba.

"Na san yana ɗanɗanawa. Tun muna sabon aure."

"To ai fulawa ce."

"Buɗe ka gani."

Ya buɗe gwangwanin, ya murza garin a yatsa. Fari fat, da ɗan ƙaiƙayi kamar yashi mai laushi.

"Garin shinkafa ne," ta ce. "Tun satin da muka dawo daga likita na zubar da fulawar. Na ce masa ya canza, ya ce littafin da ba a ɗaure da alkama ba ba zai kai shekara ba, ya rantse ba zai ƙara kai gam ɗin baki ba. Sai na yi shiru. Ni ke sayo masa, sai in niƙa, in tankaɗe sau uku, in cika gwangwani. Ya yi ta zagin masu fulawar zamani." Ta ɗan yi murmushi. "Shekara uku ƙwayar alkama ba ta shiga gidan nan ba, sai wadda ke gemunka."

Mai Agogo ya taɓa gemunsa.

"To me ya…"

"Ban sani ba. Su ma sakamakon gwajin nasu bai fito ba sai da ya tafi, kuma sakamakon bai nuna komai da Yaya za ta yarda da shi ba."

Muciyar ta yi juyi biyu, sannan ta rage gudu.

"Tsaya. Ka ce shi ya ce kada ka faɗa min?"

"Shi."

"Don me?"

"Ya ce… wai kada ki ji shi ya ɓata miki wahalarki."

"Yana zaton shi ne?"

Mai Agogo ya mayar da murfin gwangwanin.

"Har ya tafi yana zaton shi ya yi wa kansa?" Muryarta ba ta tashi ba. "Kwana shida ina zaune gefen gadonsa, yana ta cewa in yafe masa. Na ɗauka irin wadda kowa ke nema ce. Yaushe ya faɗa maka?"

"Kwana tara kafin a kai shi."

Malamar lissafi ce. Ya ga leɓɓanta na motsi, tana haɗa tara da shida.

Ta kashe risho. Ta jawo kujerar mijinta ta zauna, ta ɗora hannayenta a cinya, tafin a sama. A ƙasa wani ya rufe ƙofa, yara suka wuce da gudu, titi ya koma shiru. Su biyu suka zauna suna kallon tukunyar, tururin na raguwa, har wata siririyar fata ta fara kwantawa a saman gam ɗin, tana yamutsewa daga gefe zuwa tsakiya.