Ba Mai Jinya, Ba Aiki

"Wa zai yi jinyarka?" nas ta tambaya, tana miƙa masa rigar tiyata.

Soja ya dubi ƙofa kamar mai jiran wani, alhali ya san ba wanda ke hanya.

Shi fa ba soja ba ne, tela ne. 'Yan shago ne suka laƙaba masa sunan tun da ya koma yin ɗinki a tsaye. Da ya zauna a kan keke sai mararsa ta ɗauki zafi, fitsari ya matse shi, ya ruga banɗaki ya ɗiga ɗan kaɗan ya dawo. Ranar da ya yi ta maza ya gaya wa yayansa, amsa ɗaya ya samu: "Ka rage bin mata, ka ji ko?" Shi da ko budurwa ba shi da ita! Daga nan ya ja bakinsa ya tsuke. Ko da likita ya gano wata jijiya ce ta maƙale a ƙugunsa, sai an yi aiki an sake ta, ce wa mutanen gida ya yi zai je sarin yadi.

"Ba mai jinya, ba aiki," in ji nas. "Ka kira wani, ko a ɗaga aikin."

Wata tsohuwa da ke jinyar mijinta a gadon kusa ta ajiye kofin hannunta.

"Ke 'yar nan, ni ba mutum ba ce? Ɗana ne. Kai kuma sa rigarka, ka tsaya kamar an dasa ka."

Ita ta raka shi har ƙofar ɗakin tiyata. Da ya farfaɗo, ita ce ke jiƙa masa leɓe da auduga, tana yi masa faɗan rashin ƙiba. Daɗi ya kama shi har ya ji kunya.

Washegari aka cire masa robar fitsari. Ya lallaɓa banɗaki yana dafa bango. Fitsari ya zo, ya zuba, ya ƙare. Ya daɗe a ciki yana share hawaye.

"Inna, albishirinki!" ya faɗa tun daga bakin ƙofa.

Mai shara ce ta ɗago, tana yaye zanin gadon kusa. "Su tsoho? Ai yanzun nan aka sallame su."

Ya tsaya riƙe da ƙarfen gado, da albishir a bakinsa, ba wanda zai ce masa goro.