Ɗankwalin Inna Rawaya Ne

Ni fa ba don duniya na yi zanen nan ba, don Baba na yi shi. Inna ta rasu ba ta bar hoto ko ɗaya ba, domin ita da ta hango kyamara sai ta juya ƙeya. Da Baba ya fara rikicewa, yana tashi da safe yana nemanta ɗaki-ɗaki, yana ture abinci wai sai ta dawo, sai na je na roƙi Mai Kemis bangon shagonsa. Bangon yana kallon daidai inda ta shekara talatin tana sayar da zare da maɓallai. Kwana goma sha tara na yi a kan tsani. Da ka na zana ta, da fentin mai, shafi uku, har tabon haɓarta da allurar da take sokewa a gefen ɗankwali. Ɗankwalin kuwa rawaya ne, duk unguwa ta san shi.

Tun daga ranar, kullum da safe Yaya, wato babbar yayata, takan riƙo hannun Baba ta kawo shi. Ya zauna a benci, ya dubi hoton Inna, ya ce, “Kin tashi lafiya?” Ya ba ta labarin ciwon gwiwarsa, ya kai ƙarata, sannan ya koma gida ya ci abinci har da neman ƙari. Wannan ya ishe ni lada.

Sai ga Mai Tabarau. Mawaƙin nan ne da ko tari ya yi sai mutum dubu sun yi masa sannu a waya. Ya tsaya da motarsa, ya jingina da ƙirjin uwata, ya yi bidiyo yana rawa. Bai tambayi wace ce ba, bai tambayi wa ya zana ba. Ashe yaron jam'iyyar da launinta rawaya ne, ga zaɓe saura sati uku. A ƙasan bidiyon ya rubuta wai har bango ya san wanda zai ci.

Kwana biyu tsakani 'yar jarida ta zo daga gidan talabijin, da mai ɗaukar hoto. Yarinya mai ladabi, wallahi, har da “Kawu, sannu da aiki.” Ni kuma bakina ba ya ajiya. Minti arba'in ina zuba. Na ce mata zane ba ado ba ne, kallon mutum ne har sai ka daina yi masa ƙarya. Na ce na zana 'yan takarar manyan jam'iyyun garin nan biyu a baya, kuma buƙatarsu ɗaya ce: rage tumbi, haska fuska, cire tabo. Na ce shi Mai Tabarau da ya ɗago kai minti ɗaya ya dubi idon matar da ya jingina da ita, da ya ji kunyar rawar. A ƙarshe ta ce, “Kawu, me ya sa rawaya?” Na ce, “Shi Inna take ɗaurawa. Ko za a yanka ni ba zan canza launin nan ba.”

Da yamma muka taru gaban talabijin. Cikin minti arba'in ɗina, daƙiƙa tara suka saka. Ba Inna, ba tabo, ba tumbi. Ni kawai, ido jajir, ina cewa ko za a yanka ni ba zan canza launin nan ba. A ƙasa an rubuta: Mai zane ya sha alwashi kan jam'iyyarsa. Ɗaya tashar, ta 'yan adawa, ko zuwa ba su yi ba, amma suka ce an saye ni.

Yaya ta dube ni ta ce, “Burushi, ka ga bakin nan naka ko?” Tun ina yaro haka take kirana.

Washegari Mai Kemis ya aiko. Na same shi bayan kanta yana ta goge kwalaben da ba su da ƙura.

“Malam, jiya samarin ɗaya jam'iyyar sun zo. Sun ce ko hoton ya tafi, ko shagon ya tafi. Don Allah ka mayar da ɗankwalin shuɗi irin launinsu mana, aikin awa ɗaya ne.”

“Maigida, ka taɓa ganin Inna da shuɗi?”

“Ta rasu fa, Malam. Ba za ta damu ba.”

“Baba zai damu. Ba fuska yake fara ganewa ba yanzu, ɗankwalin yake ganewa.”

Ya ce to sai a shafe gaba ɗaya, zai kira mai fentin gidaje ya zuba baƙi. Nan gabana ya faɗi, don baƙin fentin mai in ya hau, an gama. Amma ban nuna ba. Na ce, “Ni na zana, ni zan shafe. Fari zan sa, shagon magani ai da fari ya dace.” Ya ji daɗi, amma ya sa na rantse a gaban maƙwabta cewa da na gama shafewa hannuna ba zai ƙara taɓa bangonsa ba, ko da burushi ko da tsumma. Na rantse, ban ko yi gardama ba.

Duk mai fenti ya san in za ka sa farar ƙasa a kan fentin mai, sai ka kankare bangon da sanfefa, ka zuba gam a cikin kwaɓin, in ba haka ba ba ta kamawa. Ni ban kankare ba, ban sa gam ba. Ruwa zalla na kwaɓa da shi, na shafa a hankali. Samarin suna tsaye suna tafi, 'yar jaridar nan tana ɗauka. A labaran yamma aka ce mai zane ya tuba.

Ban gaya wa kowa ba, har Yaya, don ita ma bakinta irin nawa ne. Kwana uku ba ta yi mini magana ba. Amma abin da ya fi ci mini rai Baba ne. Ya zo, ya zauna a benci, ya dubi farin bango, ya dube ni.

“Ina ta tafi?”

“Ta yi tafiya, Baba. Tana nan dawowa.”

“Ta ce yaushe?”

“Da ruwan farko.”

Yaya ta ja ni gefe, idonta taf da hawaye. “Ka ji tsoron Allah. Ka shafe ta, kuma kana yi wa tsoho ƙarya?” Na ce, “Yaya, ni da bango ba mu taɓa yi wa juna ƙarya ba.” Na faɗa da ƙarfina. Aikina na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Jikin Baba ne ban yarda da shi ba. Ya koma ture kwano, sai an lallaɓa yake shan cokali uku. Wandonsa ya fara zamewa. Kullum ina kallon sama kamar manomi, ina tsine wa Mai Tabarau da tabaransa.

Aka yi zaɓe. Ko wa ya ci, ban bi ta kai ba. Mai Tabarau ya koma tallan lemon kwalba, tashoshin suka samu wani suka sa a gaba. Sati biyar cif bango yana fari.

Ranar wata Talata da hantsi hadari ya haɗo. Na bar allon shagon aski da nake rubutawa, na ruga gida, na goya Baba, don ƙafarsa ba ta ɗaukarsa kuma. Yaya na biye da mu da lema tana faɗa, wai na haukace. Muka fake a rumfar tela, daidai inda teburin Inna yake a da. Ruwa ya sauko da ƙarfinsa, iska na buga shi a bango. Farar ƙasa ta fara tsiyaya kamar madara. Ɗankwalin ne ya fara fitowa, rawaya shar, sai goshi, sai allurar.

Mai Kemis ya leƙo, baki buɗe. Na ɗaga masa hannuwana biyu, busassu, na ce, “Maigida, ka shaida ban taɓa ba.”

Yaya ta kai mini duka a kafaɗa tana kuka tana dariya. Baba bai kula mu ba. Ya gyara hularsa, ya jira har tabon haɓar ya fito sarai, sannan ya ɗaga murya yadda za ta ji shi cikin ruwan.

“Kin daɗe,” ya ce. “Yaran nan ba su iya girki ba.”

Ya juyo wajen Yaya ya ce a kai shi gida, yunwa yake ji.