Ƙeyar Inna

Zazzaɓi ya kwantar da tsoho Jatau a zaure bayan azahar. Idonsa ya yi nauyi. Ƙasa ta fara rawa, sai ga shi a bayan wata tsohuwar akori-kura mai gudu da baya. Direban ƙadangare ne, da jar hula.

"Ina za ka sauka, Baba?"

"Wurin uwata. Ta rasu ina ƙarami. Fuskarta ta ɓace mini, ko hoto babu."

"To riƙe da kyau. Shekaru muke bi, ba garuruwa ba. Birki kuwa sai Allah."

Kwalta ta naɗe kanta kamar tabarma. Turakun lantarki suka fid da ganye. Matattu na fitowa daga maƙabarta, suna kakkaɓe riga, suna nufar kasuwa. Duk ramin da motar ta faɗa, haƙori ɗaya ya dawo bakin Jatau. Furfurarsa ta tashi kamar audugar rimi. Da suka tsaya, rigarsa na ja a ƙasa.

Gidan ubansa ne, mai dangar kara. Ga mace tana daka, ta ba shi baya, da baƙin zanen saƙi.

"Inna."

Taɓarya ta tsaya. Ba ta juyo ba.

Ya zaga gabanta. Tsakar gidan ta juya da ita, ya ga ƙeya. Ya bi ta hagu da gudu. Ƙeya.

Turmin ya yi gyaran murya. "Ba kai ne ɗan fari ba?"

"Ni ne."

"To kunyarka take ji. Ko sunanka ba ta kamawa. Ba ka ga mutane ba?"

Ya duba. Kowane kara na dangar da idonsa, idon gwaggo, idon maƙwabta.

"Inna, sau ɗaya. Na tsufa. Duk wanda ya san ki ya mutu."

Ta ce da turmin, "A gaya wa yaron nan ya koma inuwa. Jikinsa da zafi." Ta miƙo hannu ta baya da dunƙulen fura. 

Ƙadangare ya danna ham. "Mai ya kusa ƙarewa, Baba."

Motar ta fizge shi. Idanun dangar suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Sai ta soma juyowa. Ya ga kunne. Ya ga gefen kunci, da zanen tsaga.

Ladan ya kira la'asar.

Jatau ya farka jiƙe da gumi. Ya runtse ido da ƙarfi, ya juya ga bango, ya jira. Barci ya ƙi.