Wacce Ce Mai Cikin?

A ranar Asabar, goma sha huɗu ga watan Yuni na shekarar 2008, akwai goɗiyoyi biyu a bargar da ke bayan wani gida, da sirinji biyu na maganin tsutsar ciki a kan taga, da tsoho ɗaya wanda bai taɓa buɗe bakin doki ba. Mai gyaran agogo ne, ya zo da matarsa domin haihuwar 'yarsu. Da hantsi naƙuda ta kama 'yar, surukinsa mai dawakan ya ɗauke ta a gaggauce, yana rufe ƙofar mota yana cewa:

"Baba, a taimaka a ba su magani yau. Mai koren zare na mai ciki ne. Mai jan zare na ɗayar, kada ya kusanci mai ciki, likita ta ce yana iya ɓarar da shi."

Shekara uku surukin yana jiran wannan ɗan dokin, kuma tsohon ya san haka.

Ya shiga barga ya duba su a tsanake. Farar tana da tumbi kamar randa, baƙar kuwa a shafe take. Bai ga abin shakka ba. Ya kama leɓen farar, ya matsa mata koren a gefen harshe, ta haɗiye rabi, ta goga masa saura a hannun riga. Yana ɗaukar jan sai matarsa ta leƙo.

"Malam, wa ya ce maka farar ce?"

"Ido. Dubi cikinta."

"Kai ma dubi naka. Wata nawa ke nan?"

Hannunsa ya tsaya a sama. Ta ce ta ji 'yarsu tana cewa akwai wadda tsutsa ta kumbura wa ciki, sai dai ba ta riƙe ko wacce ce ba. Ya kira suruki, waya a kashe. Lambar likitar dabbobin tana rubuce da alli a jikin ƙofa, sai ya kira ta.

"Likita, batun mai cikin nan ne."

"To Baba, yaya take?"

"Tana asibiti. Naƙuda tun da hantsi."

"Naƙuda? Cikin wata huɗu? Wa ya kai ta asibiti, a cikin me?"

"A mota, a kujerar baya. Kuma wata tara ne cif."

Matarsa ta fizge wayar. "Ke 'yar nan, rabu da shi. Ta asibiti mutum ce, 'yata ce. Ta barga muke tambaya. Wacce ce mai ciki?"

"Au! Inna, kun tsinka mini zuciya. Gimbiya ce."

"Wacce ce Gimbiya?"

"Mai tabo a goshi."

Suka duba. Farar tana da baƙin tabo, baƙar tana da fari. Likita ta ce dawaki arba'in take zagayawa, da suna take rubuta su, launin ya kwance mata. Tsohon ya tsaya tsakiyar barga ya ɗaga murya: "Gimbiya!" Duka biyun suka juyo. Domin ya tabbatar, ya kira sunan matarsa, nan ma suka juyo.

"Baba, me ka riga ka bayar?"

"Kore, ga fara."

"Kore ba ya cutar da kowacce. Jan fa?"

"Yana hannuna."

"Ajiye shi."

"An ce mini yau. Ni kuwa ban saba barin aiki rabi ba."

"Tsutsa za ta jira gobe, Baba. Ciki in ya zube, ba ni da allurar mayar da shi."

Ya dubi sirinjin, ya dubi baƙar, wadda take lasar masa gwiwar hannu. Ransa bai so ba, domin a ganinsa har yanzu farar ce. Duk da haka ya rufe bakin sirinjin, ya jefa shi a aljihu. Ya kife bokiti ya zauna a kansa yana ƙare wa cikunan biyu kallo, har matarsa ta zo ta ce an sauka lafiya, mace. Ya ɗago a firgice ya ce, "Wacce?"

Washegari likita ta zo ta sa hannu ta duba. Baƙar ce Gimbiya, cikinta wata huɗu. Farar ma ciki gare ta, na wata bakwai, kuma babu wanda ya sani a gidan. Ta haifi namiji a watan Oktoba, Gimbiya ta haifi mace a Janairu.