Dariyar da Ta Riga Fim

Shekara ashirin da shida Ofareta, mai haska fim, ya yi yana kallon ƙeyar mutane. Ɗakin aikinsa yana can sama a bayan zauren sinima, da 'yar taga mai faɗin tafin hannu biyu kusa da wadda hasken inji yake fita, kuma ta nan yake leƙen 'yan kallo. Fuskokinsu bai cika sani ba, amma a nuna masa ƙeya, zai faɗi ko mai ita fim ya zo gani ko sanyin na'ura ya shigo sha. A 'yan shekarun nan ƙeyoyin sun yi ta raguwa, har ta kai wata Talatar mutum huɗu yake haska wa fim, biyu daga cikinsu kuma kansu a sunkuye kan waya.

Mai sinimar ya rasu bara. Ɗansa, wanda ma'aikata suke kira Magaji, ya yi karatun kasuwanci kuma yana da ladabi ƙwarai. Ladabin ne ya fi tsorata Ofareta, don mai ihu yakan huce, mai ladabi kuwa yana gaishe ka yana auna faɗin ɗakinka da ido. Ran Litinin Magaji ya tara ma'aikata, wato Ofareta da Mai Tikiti da mai shara, ya ce mutane suna ta zuwa masa da shawarwari kan ginin. Ya ce shi bai yarda da takarda ba, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Zai zo kallon ƙarfe biyu na ranar Asabar ya zauna a baya. In ya ga zauren da rai, sinima ta ci gaba. In bai gani ba, zai yi wani tunanin.

"Yanzu kowa da sinimarsa a aljihu, Baba Ofareta," in ji shi, cikin taushin murya kamar mai gaisuwar mara lafiya.

Ofareta ya so ya ce abin da ke aljihu ba sinima ba ne, madubi ne mai surutu. Amma sai da ya hau bas maganar ta zo masa, kuma mutumin da ke kusa da shi a bas ɗin fim yake kallo a waya.

A gida ma haka ya tarar. Matarsa tana guga, ta jingine wayarta da kwalbar ruwa, wasu mutane suna kuka a ciki. Auta, 'yarsu da ke jami'a, tana kwance a doguwar kujera da abin ji toshe a kunne. Ya tsaya tsakiyar falo ya ba da labarin Magaji sau biyu, na farko ga bango, na biyu bayan an danna tsayarwa.

Auta ta ce ba don ta ɓata masa rai ba, amma wa zai yi wanka ya shiga mota ya je ya zauna kusa da baƙo mai tari, alhali fim ɗin yana nan a manhaja, in ka ga dama ka tsayar, in ka ga dama ka mayar baya? Ofareta ya ce fim ɗin da za ka iya tsayarwa ka je ka duba tukunya ba ka girmama shi ba. Matarsa ta ce to tukunyar ce take ciyar da mai girmama fim. Ta tuna masa shagon wankin hoto na bakin titi da na hayar kaset da suka rufe, ta ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Sannan ta dube shi da kyau, ta ga ko takalmi bai cire ba, ta kashe dutsen gugar.

"Mutum nawa yaron yake son gani, Baban Auta?"

Ofareta ya ce yaron bai faɗi adadi ba. Rai kawai ya ce.

"In rai ne, ai muna da shi. Dangina kaɗai sun ishe shi."

Nan Ofareta ya tuna da katunan alfarma. Tun zamanin marigayi ana ba kowane ma'aikaci kati biyu a wata don ya shigo da wanda ya so kyauta. Shi bai taɓa ba kowa ba, saboda yana ganin wanda bai sayi tikiti ba ba ya natsuwa. Suna nan cikin gwangwanin biskit a saman kabad, ɗaure da roba, wasu har sun yi ja. Ya sauko da gwangwanin ya hure ƙurar, yana jin kamar mai shirin yin sata a gidan kansa.

Fim biyu ne a hannunsu a makon. Ya tambayi Auta wanne zai sa, ta ce na telan nan mana, wanda ya yi wa mutum bakwai alkawarin ɗinki rana ɗaya, ai kowa yana son sa. Ofareta ya ji daɗin wannan. Bai tsaya ya tambayi kansa ba a ina kowa ya san fim ɗin har ya so shi, tunda a zaurensa mutum goma sha ɗaya ne suka gan shi.

Kwana huɗu matarsa tana waya. Ofareta ya rubuta dokoki a bayan takardar wuta, ana karanta wa kowa: a zo a rarrabe, kada a zo cikin mota ɗaya, kada a zauna gida-gida, kuma sama da komai kada a gaisa, a yi kamar ba a san juna ba. Kawu, yayan matarsa, tsohon direban babbar mota wanda muryarsa ba ta buƙatar lasifika, ya ce a gaya wa surukin nasa ya kwantar da hankalinsa, shi da ya yi shekara talatin yana yi wa jami'an hanya fuskar bai san komai ba.

Mai Tikiti ta juya katunan a hannunta ran Juma'a, ta ce wasu daga ciki sun girmi Magaji da aiki a gidan. Ta ce za ta karɓa, amma in abu ya lalace ita makauniya ce.

Da safiyar Juma'ar Ofareta ya sake haska fim ɗin shi kaɗai, da littafinsa a gwiwa. Yana da wata al'ada ta aiki da yake alfahari da ita, ko da yake ba wanda ya taɓa lura. Duk inda ya san za a yi dariya, yakan rubuta mintin, in an zo wurin sai ya ɗan ƙara sauti bayan zolayar, don kada dariyar jama'a ta cinye maganar da ke biye, sannan ya rage a hankali. Ya daɗe bai buƙaci yin haka ba, dariyar mutum huɗu ba ta cinye komai. Ya rubuta wuri goma sha tara. 

Ran Asabar tun sha biyu yana sama. Ya goge gilashin inji sau uku. Ƙarfe ɗaya da rabi suka fara shigowa, kuma minti goma na farko abin ya tafi daidai: bibbiyu, ɗaiɗai, kowa ya ɗaure fuska kamar an zo kotu. Magaji ya shigo ya zauna a layin ƙarshe, ƙasan tagar Ofareta kaɗan, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ofareta ya ƙura wa ƙeyarsa ido. Ba ta ce komai ba.

Sai Gwaggo ta iso. Ita ce babbar dangin matarsa, shekarunta sun haura tamanin, kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin karanta mata doka. Ta tsaya bakin ƙofa da sandarta tana jiran idonta ya saba da duhu. Layi uku na kusa suka miƙe tsaye ba su sani ba. Wata ta karɓi jakarta, wani ya ce sannu da zuwa Gwaggo, sannan ya tuna, ya rufe baki da hannu, abin da ya fi gaisuwar tona asiri. Gwaggo ta ce ƙafarta ba za ta iya gangara matakala ba, ta zauna a kujera mafi kusa. Kujerar da ke jikin ta Magaji ce.

Ofareta ya kashe fitilu minti huɗu kafin lokaci, karo na farko a rayuwarsa.

Duhu ya rufa asiri. Daga tagar ya ga ƙeyoyi wajen casa'in, rabon da ya ga haka tun kafin a haifi manhaja. Ya buɗe littafi, ya ɗora yatsu kan maɓallin sauti. Wuri na farko yana minti na shida: mai kaya zai buɗe kabad ɗin shago yana neman rigarsa, ya tarar da tela a ciki a tsugune. A allo mutumin yana tsakar shago tukuna, ko juyawa wajen kabad bai yi ba, sai zauren ya fashe da dariya.

Ofareta ya duba agogo, ya duba littafi. Da aka buɗe kabad ɗin, dariyar ta riga ta lafa, sai ƙarin sautin da ya yi ya faɗo kan shiru, tela ya yi magana kamar tsawa. Ya yi maza ya rage.

A minti na sha ɗaya haka aka yi. A na sha biyar Kawu ya faɗi maganar telan kafin tela ya buɗe baki, kalma bayan kalma, aka yi masa tafi. Nan Ofareta ya gane. Sun gani. Kaf ɗinsu sun gani, a kicin, a bas, a gado, wasu sau biyu. Ya gayyato mutum casa'in su shaida wa Magaji cewa sinima tana da rai, ga su nan suna shaida masa da dariyarsu cewa waya ta riga ta kai musu fim har gida. Ya daina taɓa maɓallin. Ya koma kallon ƙeya biyu da ke ƙasansa: ta Gwaggo tana karkata wajen ta Magaji, tana komawa, tana sake karkata. Ta Magaji tana gyaɗawa cikin ladabi.

Ya yi tunanin ya tsayar da inji ya ce wuta ce ta samu matsala. Hannunsa har ya kai. Amma bai taɓa tsayar da fim a tsakiya da gangan ba, kuma ba zai fara yau don ya zama waya ba.

Awa ɗaya da minti hamsin ya yi a tsaye. Da sunayen 'yan fim suka fara hawa allo, ya kunna fitilun gefe kamar kullum, ya ji takun mutum a matakalar ƙarfe. Magaji ya yi sallama, ya sunkuya ya shigo, ya dubi injin da littafin da ke buɗe.

"Gwaggo ta ce in gaishe ka. Ta ce ka rame."

Ofareta ya ce yana amsawa. Ya fara wani bayani kan katunan, Magaji ya ɗaga hannu ya ce katunan hakkin Ofareta ne, marigayi ne ya ba shi. Ya ce gaskiya bai taɓa ganin zauren haka ba. Ya matso tagar ya leƙa, ya ce dubi yadda wurin ya ɗauke su, ba cunkoso, ga sanyi, ga wurin ajiye motoci, tsofaffi sun samu inda za su zauna. Ya ce a cikin shawarwarin da aka kawo masa akwai ta mayar da wurin ɗakin taro, ya yi ta shakka, don bai iya hango shi da jama'a a ciki ba. Yau ya hango. Kawu ma ya tare shi a bakin ƙofa yana tambaya ko ana ba da haya, 'yarsa za ta yi aure bayan wata uku.

"Kujerun nan za a cire, tunda duk gaba suke kallo. Allon kuwa yana nan. Mutane suna son a haska hotunan ango da amarya, ka ga aikinka bai tafi ko'ina ba."

"Fim fa?" in ji Ofareta.

"Yana da kyau sosai, Baba. Ran Laraba na kalle shi a waya. Wurin kabad ɗin nan har sau uku na mayar."

Ya yi masa sannu da ƙoƙari, ya sauka a hankali yana riƙe da ƙarfen matakala.

Ofareta ya koma tagarsa. Ba wanda ya fita. An watsar da doka, kowa ya juya ya durƙusa kan kujerarsa yana magana da na bayansa, ana miƙa jarirai daga layi zuwa layi, Kawu yana auna faɗin dandamali da taku. Matarsa ta ɗago kai ta hango shi, ta ɗaga masa hannu da fara'a tana nuna masa yawan jama'a, alamar ai ga rai nan. Auta tana ɗaukar su hoto. Shekara ashirin da shida, yau ya ga fuskokin 'yan kallonsa, duk sun ba allo baya.

Mai shara ya leƙo ya tambaya ko a kashe inji, tunda an gama. Ofareta ya ce ba a gama ba, saura sunayen masu haske da masu sauti. Ya tsaya har na ƙarshe ya haye sama, sannan ya kashe.