Katakon da ke ƙarƙashin kicin

Tun da Orest ya auri Lesia, a gidansu na garin Dauphin a ƙasar Kanada ba a kiransa cin abinci da baki. Yana can ɗakin ƙasa da ke ƙarƙashin gidan yana aikin katako, ita kuwa in miyar kabeji ta nuna sai ta buga dunduniya a daɓen kicin. Ɗakin ƙasan ba shi da silin, ginshiƙan katako ne tsirara da ke ɗauke da daɓen sama, da bututun ruwa, don haka ko cokali ta yar yana ji.

Shekaru tana yi masa gori, wai ya gyara wa rabin garin gidajensu, nasa kuwa kamar garejin mota. Da ya bar aiki, ƙafafunta ma sun fara nauyi, sai ya ce bari ya faranta mata, ya yi wa ɗakin ƙasan silin. Ya sayo katako mai kyau, ya jingine shi a ƙasa har katakon ya saba da ɗumin ɗakin don kada ya kantare daga baya. Kafin ya rufe saman, ya cusa audugar tare sanyi tsakanin ginshiƙan, mai kauri, don ƙarar zartonsa ta daina hana ta barcin rana. Lesia ta sauko tana dogara sandarta, ta ɗaga kai.

"Ashe dai ka iya, tsoho. Ni ce kawai ba na biya."

Ranar da yake goge katako na ƙarshe, ta zame a gaban murhu. Ta buga dunduniya, ta buga sanda, har hannunta ya gaji. Shi yana ƙasa yana fito, bai ji komai ba, yana mamakin yau abinci ya makara. Da yunwa ta hauro da shi, ya tarar da ita kwance, kwatangwalo ya karye, tukunya ta ƙone.

'Yarsu Halyna ta zo daga birnin Winnipeg. Ta yi magana da likita, ta dawo ta ce daga asibiti gidan kula da tsofaffi za a wuce da Mama, domin a gida ba wanda zai ji ta in ta sake faɗuwa. Orest bai yi musu ba. Washegari Halyna ta same shi bisa tsani yana ɓamɓare katakon da ke daidai ƙarƙashin kicin, a hankali, ƙusa bayan ƙusa, audugar na zuba masa a kafaɗa.

Ya roƙe ta ta hau kicin ta buga ƙafa. Ta hau ta buga. Ƙarar ta sauko tar, har ƙura ta zubo daga ginshiƙi.

"Kin ji? Na ji. Ki gaya wa likitan na ji."

Halyna ta sauko ta zauna a matakala. Ta ce ba maganar ji ba ce kaɗai, Mama ba za ta sake tsayawa gaban murhu ba, kuma Maman ma ta yarda da tafiyar, ta ce a gaya masa kada ya ɓata silin, ya yi kyau.

Orest ya dubi ramin da ya buɗe, ya dubi katakon da ya jera a bango, ko ɗaya bai tsage ba. Ya goge hannu a wandonsa.

"Halyna, koma ki ƙara bugawa. Da dunduniya, ba da yatsu ba. Kusa da murhu."

Ta tashi ta hau.